A Bakin Ƙofar Makewayi

Mutumin da ya fara cutata a Ingila ɗan Rabah ne, kuma ya sha furar gidanmu. Sidi sunansa, dillalin wani kamfani mai kwasar ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje. A zauren Baba a Goronyo ya naɗe ƙafa ya rantse cewa ɗakin mata za a kai ni. A kan wannan sharaɗin Baba ya bar ni na tafi, don shekara tara da na yi ina aikin nas a Wurno duk a ɗakin mata na yi su. Mijina ya rasu, 'ya'yana biyu suna wurin Inna, aikin nan shi ne abin da zan riƙe su da shi.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a wani gari na bakin teku, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya zo. Washegari a ofishin asibiti wata mata ta miƙo mini kati mai hotona, ta ce in hau bene na uku, ɗakin tsofaffin maza. Na ce ta sake dubawa. Ta duba, ta yi murmushi, ta maimaita. Na fita baranda na kira Sidi.

Ya ce, "Ke Luba, mi ar ruwanki da maza ko mata? Tsohhi na hwa, kamar jarirai suke. In ba ki so, jirgin da yak kawo ki shina nan, bai lalace ba."

Ya kashe waya. Tun daga ranar na daina yarda da kowa a ƙasar. Wanda ya yi mini murmushi sai na tsaya neman abin da ke bayan haƙoransa. Wanda ya riƙe mini ƙofa kuwa, sai na taɓa jakata.

Ɗaki ɗaya aka haɗa mu da wata nas 'yar kudancin ƙasarmu, Blessing, wadda ta riga ni zuwa da shekara biyu. Ita ta ba ni rigar sanyi, ita ta nuna mini shagon da ake samun garin gero da kuɓewa busasshiya. Na karɓa na gode, amma na ɗauki kwanaki ina jiran ranar da za ta faɗi abin da take so a wurina. Ba ta taɓa neman komai ba. Shawara ɗaya ce take nanata mini kullum, da bakinta cike da tuwo.

"Ƙasar nan ba a zagin mutum, ba a yi masa tsawa. Da takarda ake kashe shi. Duk abin da ya faru, kada hannunki ya taɓa rubuta cewa ke kika yi."

Shugabar ɗakinmu Sista Helen ce, doguwa siririya, ba ta ɗaga murya. Akwai wani ɗan littafi a aljihunta. Za ta tsaya ta kalle ka kana aiki, ta zaro shi, ta yi rubutu, ta mayar, ta wuce. Ita ta gaya mini wata shida zan yi na gwaji, sa hannunta ne zai sa a riƙe ni ko a sallame ni. A raina na raɗa mata suna Mai Littafi, kuma na yanke cewa a cikinsa take haƙa mini rami.

Makona na farko kaf a kan abu ɗaya ya ƙare: kada majiyyaci ya faɗi. Duk tsohon da aka kawo, kafin ya gama ɗumama gado sai an yi masa tambayoyi. Ya taɓa faɗuwa a shekarar nan? Yana jin jiri? Waɗanne magunguna yake sha? Fitsari yana matsa masa? A auna jininsa yana kwance, a sake aunawa yana tsaye. In an ga da haɗari, a ɗaura masa munduwa ruwan ɗorawa a hannu, a sa masa safa mai ƙurajen roba a tafi don kada ya zame, a sauke gadonsa ƙasa, a ajiye ƙararrawar kira da tabarau da kofin ruwa inda hannunsa zai kai. Sai babbar doka, wadda Sista Helen ta karanta mini sau biyu tana kallon idona: mai munduwa ba ya shiga makewayi shi kaɗai. Nas za ta shiga tare da shi, ta tsaya inda in ta miƙa hannu za ta taɓa shi, har ya gama.

Dariya ta kusa kama ni. A Wurno ba mu san wannan wahalar ba, don muna da 'yan jinya. Kowane gado akwai tabarma a gindinsa, da ƙanwa ko 'ya ko gwaggo a zaune. Su ke ba da abinci, su ke kai mutum bayi, mu namu allura da magani da awo. Nan kuwa ƙarfe takwas na dare za a kori kowa, tsoho ya rage daga shi sai ƙararrawa. Na ce a raina, mutanen da suka watsar da iyayensu ne suka zo suna koya mini dokoki. Duk na haddace su, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban da ta ƙarshen.

Yaya zan shiga makewayi da namiji sa'an ubana? Ni da ko alwala Baba yake yi sai na kawar da kai in na wuce. Sai na koyi dabara. Da na ga mai munduwa yana mutsu-mutsu a gado, sai in tsiri canza zanen gadon wani, ko in ce lokacin awon jini ya yi, in roƙi namijin mataimakin da muke da shi ya kai shi. In ya yi mini haka, ni kuma in ɗauke masa wankin baki da ba da abinci. Wata uku ina wannan zille-zillen. Ina ganin Sista Helen tana zaro littafinta, ina cewa a raina, rubuta, Allah ya fi ki.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yar fari, sai dai ta ce ke wagga.

"Ke wagga, mata nawa sunka haihu wurinku satin ga?"

Sai in ce huɗu, ko in ce shida, duk lafiya. Ƙarya ta zame mini jiki har na fara ƙirƙiro tagwaye. In na ce a ba ni Baba, a farko yana karɓa, mu yi hirar albasa da ruwan dam. Daga baya sai ya zama kullum ba ya nan.

"Ya tai hwadama." Wani satin, "Yanzu yah hita masallaci." Wani satin kuma, "Shina barci, kak ki sa in tashe shi."

Ni mai zargin direban bas da mai shago da maƙwabciyar da ta kawo mini biskit, ban taɓa kawo komai a raina game da wannan ba. Na ɗauka aikin rani ne ya yi masa yawa.

A wata na huɗu aka kawo Mista Tom, da ciwon ƙirji. Shekararsa tamanin da biyu, tsohon makanikin jiragen kamun kifi, hannuwansa kamar faranti. Ni na yi masa tambayoyin. Na ce ya taɓa faɗuwa? Ya ce shi da ya yi shekara arba'in a kan teku bai faɗi ba, a kan siminti zai faɗi? Na kalli gwiwar hannunsa, ga tabo shuɗi bai gama warkewa ba. Na ce wannan fa? Ya ce ƙofa ce ta buge shi. Na ce ƙofar ta iya saiti. Na auna shi a kwance, na tsayar da shi na sake aunawa, awon jinin ya sauka sosai, na ga yana lumshe ido yana kama ƙarfen gado. Da hannuna na ɗaura masa munduwar. Ya kalle ta ya ce sai ka ce an yi wa akuya shaida.

Jininmu ya haɗu. Baba Tom nake ce masa, da na gaya masa ma'anar ya ce ya karɓa. Shi kaɗai yake zaune a gidansa mai bene, da tantabaru goma sha huɗu a bayan gida, kowace da sunanta. Ba shi da magana sai ta ranar da zai koma wurinsu. Taurin kansa da yadda yake ɓoye ciwo duk irin na Baba ne, shi ya sa ma na fi jin nauyinsa a kan sauran.

Ranar Talata ce, an gama karin kumallo. Mataimakin ya tura wani majiyyaci ɗakin hoto, ɗaya nas ɗin tana rabon magani. Baba Tom ya danna ƙararrawa. Na waiga hagu na waiga dama, ba wanda zan tura. Na zaunar da shi a bakin gado ya ɗan huta, na duba safarsa, na kawo masa ƙarfen dogarawa, muka taka a hankali. Har nan ban karya doka ko ɗaya ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

Ya ce, "Na gode, 'yata. Daga nan zan iya. Rabon da mace ta tsaya a kaina a wurin nan tun uwata."

Wallahi daɗi na ji. Ya faɗi abin da ke raina. Na ce in ya gama kada ya miƙe, ya ja jar igiyar kira da ke ciki, zan shigo. Ya ce to. Na ja masa ƙofa, na koma gefe na haɗa hannuwa na sunkuyar da kai, yadda 'yar kirki take yi a gidanmu.

Bai ja igiyar ba. Na ji ƙarar ruwa, na ji ƙarfen dogarawar ya zame a kan tayil, sai wani tim mai nauyi wanda har yau ina jinsa.

Na banka ƙofa. Yana kwance a gefensa tsakanin bango da mazauni, wando a gwiwa, bakinsa a buɗe ba sauti. Kunyar duk ta gudu, ban san inda ta shiga ba. Na durƙusa na sa hannu a hammatarsa ina cewa sannu Baba, sannu, da Hausa, zan ɗaga shi. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

Sista Helen ta ce, "Kada ki motsa shi. Dubi ƙafarsa."

Na duba. Ta dama ta gajarta, tafin ya juya waje. Ba sai an yi hoto ba, na san ƙugu ya karye. Ta lulluɓe shi da bargo, ta duba kansa da idanunsa, ta sa aka kira likita, aka kawo shimfiɗar ɗagawa, mutum huɗu suka ɗauke shi. Duk wannan ba ta ce mini ci kanki ba. Da aka gama ta ce in rubuta rahoton abin da ya faru kafin gobe da rana. Na kalli aljihunta, na ce yau rami ya kai zurfin da take so.

Da yamma kafin a shiga da shi tiyata, Baba Tom ya sa aka kira ni. Allura ta sa muryarsa ta yi laushi. Ya jawo hannuna ya ce, "Ki ce musu kin juya baya na sulale na tafi ni kaɗai. Zan ce haka ne. Ni ba za su kore ni ba."

Na fito ina juya maganar. Shi ya yi tunaninta, ko Sista Helen ce ta sa shi don ta gwada ni? Tsohon da ke gadon da ke kallon makewayi idonsa biyu ne ko barci yake? Wannan baƙin abin da ke manne a silin baranda, na kashe gobara ne ko kyamara? A gida Blessing ta ji labari, ta ajiye cokali.

"Allah ya ba ki ƙofa kina tsaye kina kallo? Rubuta an same shi a ƙasa. Haka kowa ke rubutawa. Ki tuna 'ya'yanki."

Na tuna su kuwa. Na tuna yadda zan sauka a Goronyo da akwati wata huɗu da tafiya, a ce an koro ni daga ɗakin maza, Baba ya ji a bakin mutane. Da safe na zauna gaban kwamfuta, na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Ba zan yabi kaina ba. Rabin abin da ya hana ni ƙarya tsoron tarko ne, don na riga na saka a raina cewa duk asibitin ido ne. Ɗaya rabin kuwa, na kasa ɗora wa mutumin da na karya laifin karya kansa. Na rubuta cewa ni na kai shi, na san yana da munduwa don ni na ɗaura masa, na san dokar, na bar shi ya shiga shi kaɗai. Na tura, na fara lissafin abin da zai shiga akwati.

Bayan kwana uku aka kira ni ofis. Sista Helen ce da wata babbarta. Babbar ta ce sun karanta, ba su da tambaya a kan me ya faru, sai a kan me ya sa. Na buɗe baki na rasa kalmar Turancin da za ta ɗauki kunya. Na ce musu a garinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, 'ya ba ta tsayawa inda ubanta zai kwance wando, kuma wanda ya yi haka shi ake cewa ya samu tarbiyya. Na ce shekara tara ban taɓa kai kowa makewayi ba, dangi ke yi. Na ce an yi mini alkawarin ɗakin mata.

Sista Helen ta zaro littafin. Na ce to, ga shi nan. Ta buɗe ta juyo mini da shi. Sunana ne a sama, da ranaku a jere.

Ta ce, "Sau goma sha ɗaya na ga kin kauce wa kai majiyyaci makewayi. Na ɗauka ƙyama ce ko raina aiki. Ina tarawa ne don in kira ki a ƙarshen wata da hujja. Da na tambaye ki tun a karo na biyu, da Tom yana gida yanzu. Na rubuta wannan a nawa rahoton."

Ashe dai zargina bai faɗi ƙasa ba, tara mini take yi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne mai littafi za ta rubuta kanta. Ba su sallame ni ba. Sun ƙara mini wata uku na gwaji, da gargaɗin cewa in aka sake, ba sai an kira ni ofis ba. Daga nan Sista Helen ta ja ni wani makewayi da ba kowa, ta zauna a kan mazaunin da kayanta, ta ce in ɗauka ita ce Tom. Ta nuna mini yadda ake yi. A shimfiɗa masa tawul a cinya. A kunna famfo don ƙarar ruwa ta rufe masa asiri. A tsaya a gefensa mai rauni, fuska ga bango, hannu ɗaya a kafaɗarsa. In zai miƙe, a sa shi ya ƙirga goma tukuna.

Ta ce, "Ba idonki yake bukata ba. Hannunki yake bukata."

Baba Tom ya dawo ɗakinmu da ƙarfe a ƙugu, ya rame, ya yi shiru. An gaya masa ba zai koma gidansa ba saboda benen, gidan tsofaffi za a kai shi. Wani maƙwabcinsa ya kwashe tantabarun. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ranar da aka yarda ya taka zuwa makewayi ni ce a kansa. Muka kai bakin ƙofa ya tsaya ya kalle ni.

"Daga nan zan iya."

Na ce, "Ba za ka iya ba, Baba. Ni ma ba na so, kai ma ba ka so. Mu shiga."

Na rufe ƙofa muna ciki, na kunna famfo, na juya ga bango, na ɗora hannu a kafaɗarsa. Ƙashi ne zalla a ƙarƙashin rigar. Da zai miƙe ya yi tangaɗi, nauyinsa ya zubo a hannuna, na tare shi. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce ita farar tantabarar nan mai suna Molly ba ta cin abinci in ba daga hannunsa ba. Ina kallon bango na yi kukana.

Juma'ar nan da na kira gida, Inna ta fara tambayarta ta masu haihuwa. Na ce, "Inna, ba wadda ta haihu. Ƙarya nike miki tun zuwana. Ɗakin tsohhin maza anka kai ni." Na kwashe duka na gaya mata, har ƙofar da na ja, har ƙarar faɗuwar. Na jira faɗa.

Ta ce, "Babanku bai tai hwadama ba."

Na miƙe tsaye.

"Wata biyu ke nan. Tun da anka canza mai maganin hawan jini jiri ka ɗibatai. Cikin makewayi yah hwaɗi, kai yab bugi bango, kahwaɗa ta goce. Shi yac ce kak a gaya miki, ki bar aikinki ki taho. Ya ji sauƙi, amma jirin na nan."

Na ce, "Inna, ina kike sa'ad da yah hwaɗi?"

"Bakin ƙohwa nike. Ni nik kai mai buta. Ina jinai shina nishi, nic ce ko in shiga. Sai nij ji kunya."

Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na ce gobe a kai shi asibiti a auna jininsa a kwance da tsaye, a sake duba maganin. Ta ce to, amma kafin goben fa, yanzu ma ga shi can yana neman sandarsa. Sai na ji ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba tun da aka haife ni.

"Luba. Koya mini, yaya aka yi?"

Na share fuska na ce, "Ki ɗauki buta ki bi shi, Inna. In ya kore ki, kak ki tai. Ki shiga, ki juya mai baya, ki aza hannu ga kahwaɗa mai lahiya. Ba sai kin duba ba. Amma kak ki sake shi."

Na ji ta ajiye wayar a kan tabarma ba ta kashe ba. Na ji ƙarar buta, da takun sanda, da muryar Baba yana cewa mi na na haka, koma mana. Sai ƙofar langa-langa ta yi ƙara ta rufe. Na kasa kunne, tsakar gida shiru, ba takun kowa da ya dawo.